Kulocin Peugeot 504 ya nutse? Duba da waya kafin a sauke giyabos

A hanyar Challawa, inda ake jigilar fatu zuwa masana'antun jima, har yanzu ana cin karo da Peugeot 504, motar da kamfanin PAN na Kaduna ya daɗe yana haɗawa a da. Kulocinta da man birki yake aiki: famfon sama ya tura mai, na ƙasa ya tura sanda.

Idan kuloci ya nutse, giya ta ƙi shiga, yawanci roba ce ta mutu ko iska ta shiga. Mai mota zai iya ɗaukar bidiyon famfon ƙasa da wayarsa yayin da wani ke taka kuloci. In sandar ba ta motsa ba, bakanike ya canza roba, ya zuba DOT 4, ya fitar da iska. An huta da kuɗin sauke giyabos. Amma kada a zuba man inji, kumbura robar yake yi.