Yawon Shan Iska A Tsibiran Aman Wuta

A arewa da tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, cikin Bahar Rum, akwai waɗansu tsibirai bakwai da ake kira Eyoliya, waɗanda dukkansu aman wutar duwatsu ne ya fito da su daga ƙarƙashin teku. Duk shekara idan zafi ya kama a Turai, sai masu hutu su yi ta tururuwa zuwa tashar Milazo, inda jiragen ruwa ke kwasarsu.

Zangon farko shi ne Bulkano, tafiyar kamar sa'a guda. Tun jirgi bai tsaya ba warin farar wuta zai tarye ka, sai ka ce ruɓaɓɓen ƙwai. Dutsen nan rabonsa da amai tun 1890, amma bai mutu ba, domin a 2021 hayaƙinsa mai guba ya ƙaru har hukuma ta hana mazauna bakin tasha kwana a gidajensu. Daga nan sai Lipari, babban cikinsu, inda a dā ake haƙar dutsen goge kaushi.

Amma abin da ke jan kowa shi ne Istiromboli, mai tsawon mita 924. Kusan kowane 'yan mintoci yakan yi tsartuwar wuta, haka yake tun zamanin Rumawa, har matuƙan jirgi suka yi masa laƙabi da fitilar Bahar Rum. Bayan faɗuwar rana ƙananan jirage kan tsaya nesa da gangaren da garwashin ke bi zuwa teku, a kashe inji, a yi tsit. Can sai ka ga sama ta yi ja, sa'an nan ƙarar ta iso.

To, sai dai sabo da wuta ba ya hana ta ƙuna. Ran 3 ga Yuli 2019 dutsen ya yi bindiga ba zato, ya kashe wani mai hawansa kusa da ƙauyen Jinostara, waɗansu baƙi kuwa don tsoro suka faɗa teku. Bayan wannan ne hukuma ta hana hawa can ƙoli. A Disamba 2002 ma gangaren ya zaftare cikin ruwa, igiyar da ta taso ta rushe gidajen bakin gaɓa.

Mazaunan, waɗanda 'yan ɗaruruwa ne kawai, da baƙin nan suke ci. Da hunturu kuwa, idan teku ta yi fushi, sai su yi kwanaki ba jirgin da ya iso musu.