Silva: Sunan da Ya Fito Daga Daji Ya Zaga Duniya

In kana zama kallon ƙwallo tare da yaranka, babu shakka kunnenka ya saba da sunan nan. Thiago Silva, Bernardo Silva, ga kuma Neymar, wanda cikakken sunansa Neymar da Silva Santos Júnior. Da an koma labarai kuma sai ka ji shugaban Birazil, Lula da Silva. Wataƙila ma wani yaro ya taɓa tambayarka, "Baba, wai duk 'yan gida ɗaya ne?" To, ba 'yan gida ɗaya ba ne. Mafi yawansu babu jinin da ya haɗa su, kuma dalilin hakan labari ne mai ɗaci.

Kalmar daga harshen Latin ta fito, ma'anarta daji ko kurmi, kuma daga tushenta aka samo Silvester da Silvia. A harshen Fotugal na yau, silva ita ce wata ƙayar daji mai yaɗo da ke yin 'ya'ya baƙaƙe. Wannan "da" da ke gaban sunan kuwa, kada ka ɗauka irin tamu ce ta "Audu da Bala". A wurinsu tana nufin "na" ko "daga". Ke nan da Silva shi ne "na daji", kamar dai yadda mu ma ake liƙa wa mutum sunan garinsu, a ce wane Daura ko wane Gusau. Tsohon gidan sarautar da ya fara yin fice da sunan daga arewacin Fotugal yake, kusa da garin Valença a bakin iyakar Sifaniya, inda ake da wani wuri mai suna Silva.

Jiragen ruwa ne suka fitar da shi waje. Turawan Fotugal sun isa Birazil a 1500, suka kama Goa ta Indiya a 1510, suka kafa sansani a gaɓar Angola da Mozambik da tsibirin Siri Lanka. Duk inda suka sauka da limaman cocinsu suke tafe, kuma wanda aka yi wa baftisma sai a ba shi suna irin nasu. Shi ya sa har gobe de Silva ke cikin sunayen da suka fi yawa a Siri Lanka, har a gidajen mabiya addinin Buda.

Amma a Birazil ne sunan ya yi ambaliya. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum sama da miliyan 30 ne ke ɗauke da shi, wato ya ninka duka al'ummar Fotugal har sau uku. Ka tsaya ka yi tunanin yadda aka kai ga haka. Fiye da 'yan Afirka miliyan 4 aka sauke a ƙasar a matsayin bayi, kuma ba a haramta bautar ba sai 1888. Mutum ya taso da sunan da aka raɗa masa ranar suna, da sunan ubansa, da na kakansa. A bakin teku a shafe su duka, a kira shi José ko Maria. Ranar da ya sami 'yanci yana bukatar sunan da zai sa a takarda, sai ya ɗauki na ubangidansa, ko wanda ya fi saukin samu, wanda ba mai tuhumarsa a kai. Silva ya yi daidai da wannan bukata. A ganina wannan ne ainihin nauyin sunan: a ƙarƙashinsa akwai sunaye da yawa da aka binne.

Cikin waɗanda aka kai jihar Bahia har da Hausawa. An bankaɗo shirinsu na tawaye a birnin Salvador a 1807, sannan a watan azumin 1835 bayi Musulmi, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da aka fi sani da na Malê. Bayan an murƙushe shi aka tsananta wa 'yantattun 'yan Afirka, da yawa suka hau jirgi suka dawo. A Legas ana kiransu Aguda, a Akara kuma Tabom. Sun dawo da sana'ar gini da kafinta, da sunaye irin su da Rocha, da Costa, da Silva. Babban masallacin Porto-Novo a Jamhuriyar Benin, wanda in ka hango shi za ka rantse coci ne, a kan salon ginin Birazil aka yi shi.

A can Birazil kuwa yawan sunan ya sa masu shi na neman abin da zai bambanta su. Ayrton Senna da Silva, zakaran tseren mota, ya ajiye Silva na mahaifinsa ya yi suna da Senna na mahaifiyarsa. Shi kuma Luiz Inácio da Silva, laƙabinsa na gida, Lula, ya shigar cikin sunansa a hukumance a 1982, domin masu zaɓe su gane wane Silva suke dangwala wa.