AMSAR WASIƘUNKU: Waƙar Cikin Memori, Wa Aka Biya, Wa Aka Bari?

Kamar yadda muka saba, ga amsar da muka bayar a rediyo mun kawo ta a rubuce, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi saurare ya karanta, ko ya sa yaro ya karanta masa.

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi mai taɓa cinikin hatsi a ƙasar Rimi. Ya ce ya shigo Katsina, ya tsaya wata rumfa a wajejen Ƙofar Kaura, ya miƙa wa wani matashi wayarsa domin a yi mata caji, a kuma tura masa waƙoƙin Shata da wa'azi a katin memori. Ya biya kuɗi, ya tafi harkokinsa, ya dawo ya karɓa. Bayan kwana biyu waya ta fara nauyi, tallace-tallace na faɗowa ba sallama, batir ba ya kai la'asar. Daɗin daɗawa, ɗansa da ke makarantar sakandare ya ce masa kayan sata ya sayo. Shi ne yake tambaya: da gaske sata ce, alhali ya biya kuɗinsa? Me ya sami wayar? Ko cajin sola ne ya lalata ta?

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Za mu ɗauki tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

YADDA WAƘA TA BAR KASET

Manya daga cikinku sun san faifan garmaho, sun san kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963. A zamanin kaset ma ana kwafa, amma kwafar tana da wahala. Sai an sayi kaset wanda ba komai a cikinsa, a zauna a jira ya zagaya, kuma duk sanda aka kwafa daga kwafi sai murya ta ƙara dusashewa. Saboda haka mai son abu mai kyau yakan nemi na asali.

A farkon shekarun 1990 masana a ƙasar Jamus suka kammala wata dabara da ake kira MP3. Dabarar ita ce a mayar da sauti lissafi, a zubar da abin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa sosai, sai waƙa ta tsuke ta koma kamar kashi ɗaya cikin goma na girmanta a faifan CD. Minti ɗaya na waƙa yakan ci kamar megabait 1. Ke nan katin memori mai gigabait 4, wanda bai fi farcen ɗan yatsa ba, zai ɗauki kusan minti 4,000. Wato abin da kaset 44 masu minti 90 za su ɗauka. Kuma kwafi na dubu daidai yake da na farko, ba dusashewa.

Wannan ya tayar da ƙura tun a ƙasashen Turawa. A 1999 wani ɗalibi a Amurka ya buɗe wata hanya a intanet mai suna Napster, inda mutane ke musayar waƙoƙi kyauta. Kamfanonin waƙa da wasu mawaƙa suka kai ƙara, a 2001 aka rufe ta bayan hukuncin kotu. Mu kuwa a nan, a shekarar 2001 ɗin ce wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya. Da wayoyi masu ramin memori suka yawaita, sai cinikin kaset da faifai ya yi ta ja da baya. Duk wanda ya san Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano a lokacin da finafinan Hausa ke tashe a kaset da CD ya san abin da nake faɗa. A madadinsu aka samu sana'ar tura waƙa da fim, wadda matasa da dama ke cin abinci da ita.

SHIN SATA CE?

Malam, ga gaskiyar magana. Kuɗin da ka biya a rumfar nan, ladan aikin yaron ne, da kuɗin wutarsa, da na kwamfutarsa, da hayar wurin da yake zaune. Sai dai idan yana da wata yarjejeniya da mai waƙar, ko sisin kwabo ba ya isa hannun wanda ya yi ta ko magadansa.

Ka ɗauka ka noma gero, ka girbe, ka cika rumbu. Wani ya zo da amalanke yana ɗiba yana kai wa jama'a, yana karɓar kuɗin dako kaɗai. Mai saye zai ce ai ya biya. Mai amalanke zai ce ai guminsa ya ci. Kai mai gona fa? Bambancin kawai shi ne, waƙa ba ta raguwa in an ɗiba, shi ya sa mutane ba sa ganin ɓarnar da ido. Amma kasuwarta tana raguwa, domin wanda ya samu a memori ba zai sake neman ya saya ba.

Dokar ƙasa ta san da wannan. Tun a 1988 gwamnatin soja ta kafa Doka mai lamba 47 kan haƙƙin mallakar fasaha, a 1989 aka kafa hukumar da ke kula da ita, wadda a yau ake kira NCC ta haƙƙin mallaka. A watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar doka, wadda ta haɗa har da abin da ake yaɗawa ta intanet. A ƙarƙashinta, da zarar mutum ya tsara waƙarsa aka naɗe ta, ta zama tasa, ko bai yi rajista ba. Haƙƙin waƙa yana nan tsawon ran mai ita, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa. Shi kuwa naɗin sautin, wato aikin wanda ya ɗauki muryar a faifai, nasa shekara 50 ne. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999. In ka yi lissafi, waƙoƙinsa suna da masu haƙƙi har ƙarshen shekarar 2069.

Sai dai kada hankalinka ya tashi. Nauyin doka ya fi faɗawa kan mai kwafa yana sayarwa ba da izini ba, shi ne aka tanadar wa tara ko ɗauri. Ba manomin da ke sauraron waƙa a gonarsa ake farauta ba.

Ta fuskar addini kuwa, ni ba malamin fiƙihu ba ne. Abin da zan iya gaya maka shi ne, majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta yanke cewa haƙƙin mawallafi da na mai ƙirƙira dukiya ce da shari'a ke karewa. Akwai malaman da suke da wata fahimta, musamman kan littattafan ilimi. Sai ka tuntuɓi malamin garinku.

Kuma a yi adalci, ba kowace waƙa ce aka sato ba. Makaɗan da, irin su Shata, abincinsu daga iyayen gida da wuraren biki yake fitowa, ba daga cinikin faifai kaɗai ba. Yau ma akwai mawaƙin da shi da kansa yake kai sabuwar waƙa wurin masu tura domin ta bazu a san shi, a gayyace shi biki. Waƙar siyasa kuwa an riga an biya mai ita, burinsa ta shiga kowane kunne. Malamai da yawa sun yarda a yaɗa karatunsu kyauta. Magana dai ita ce izini. In mai abu ya ce a ɗauka, ba laifi. In bai ce ba, shirunsa ba kyauta ba ce.

Masu babbar waya da ke samun intanet suna da hanyar da mawaƙi zai amfana: su saurare shi a shafinsa na kansa a YouTube, ko Audiomack, ko Boomplay, inda yawan masu saurare kan jawo masa ɗan abin sawa a aljihu. Su kuma 'yan'uwanmu masu tura, shawarata gare su ita ce su haɗa kai a ƙungiyance su nemi mawaƙa da masu finafinai a yi yarjejeniya a rubuce. Zama lafiya ya fi zama ɗan sarki.

ME YA SAMI WAYAR?

Waƙa ita kaɗai ba kasafai take lalata waya ba. Abin da ke biyo ta ne matsala. Kwamfutar da ake cusa mata katin mutum hamsin a yini tamkar randar bakin hanya ce, kowa da moɗarsa. In kati ɗaya ya zo da ƙwayar cutar kwamfuta, wadda ake kira bairos, sai ta zauna a ciki tana bin sauran. Akwai wadda ke ɓoye duk abin da ke cikin kati, mutum ya ɗauka an goge masa, alhali suna nan.

Amma alamun da ka faɗa, wato tallace-tallace da nauyi da shan batir, sun fi kama da wata manhaja da aka saka maka a wayar. Wani yaron da kyakkyawar niyya yake sakawa, ya ce kyauta ce ya ƙara maka, bai san abin da ke cikinta ba. Irin waɗannan manhajoji suna aiki a ɓoye dare da rana, wasu har saƙonninka suke karantawa. Ka sa ɗanka ya duba jerin manhajojin wayar, duk wadda ba ku sani ba a cire ta. In abin ya ƙi, a kwashe lambobi da hotuna a ajiye, a wanke wayar ta koma yadda ta fito daga kamfani.

Akwai kuma katin jabu, wanda aka rubuta masa gigabait 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. Da an cika shi sai waƙoƙi su riƙa ɓacewa ko su ƙi buɗuwa. Araha ba ta ado.

Babban abin tsoro shi ne layinka. Yawancinku 'yan kasuwa layin wayarku a haɗe yake da asusun banki, da shi kuke tura kuɗi, ta nan banki ke aiko da lambar tabbatarwa. Wanda ya riƙe layinka na awa biyu, in mugu ne, ya riƙe ƙofar rumbunka. Ban ce yaron da ka ba wayar ɓarawo ba ne, akasarinsu neman halaliyarsu suke. Amma rumfa wuri ne na shige da fice. Saboda haka ku riƙe waɗannan:

Na ɗaya, in tura waƙa za a yi, a cire katin memori a miƙa shi kaɗai. Waya ta zauna a aljihu.

Na biyu, in caji za a bari, a kashe wayar, a zare layi a tafi da shi.

Na uku, a sa wa waya makulli, a sa wa shi kansa layin lambar sirri. Kada lambar ta zama shekarar haihuwa ko 1234.

Na huɗu, katin waƙa daban, na hotunan iyali daban. An sha ganin sirrin gida ya fita ta wannan hanya.

Na biyar, lambar BVN mai lamba 11, wadda aka fara bayarwa a 2014, da lambar sirrin kati, da lambar da banki ke turowa, kada a karanta wa kowa a waya, ko ya rantse daga banki yake. In waya ta ɓata, a garzaya banki a rufe asusu, a je ofishin kamfanin layi a rufe layin, tun kafin a fara cigiya.

SOLA KO JANARETO?

Malam, ka wanke sola daga zargi. Wutar rana da ta bi ta batir da na'urar daidaitawa wuta ce mai natsuwa. Ƙaramin janareto ne ya fi yin sama da ƙasa da wuta, musamman in an yi masa lodi fiye da ƙarfinsa ko mai ya kusa ƙarewa. Abin da ya fi kashe batirin waya shi ne cajar jabu, da zafi. Wayar da aka jera a kan tebur cikin rana tsaka tana caji, batirinta ba zai yi tsawon rai ba, ko da wace wuta ce.

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu caji da dama sun koma sola, kuma lissafinsu daidai ne. Faranti mai ƙarfin wat 100, a irin ranar da Allah ya hore mana a Katsina, yakan tara abin da zai cika manyan wayoyi kamar 20 a yini, ƙananan wayoyi kuwa sun ninka haka. Sharaɗin shi ne a riƙa goge ƙura, musamman lokacin hunturu, kada kuma a bar batir ya ƙare ƙarƙaf. Mutanen ƙauye guda za su iya haɗa kuɗi su sayi faranti da batir, su ɗora wani yaro amintacce a kai. Ya samu sana'a, ku kuma wayarku ba ta kwana a hannun baƙo ba.

To Malam, ka ga ɗanka bai yi ƙarya ba, sai dai ya ɗan tsananta. In ka sake shigowa Ƙofar Kaura, ka miƙa kati kaɗai, ka tambayi yaron ko yana da izinin abin da yake turawa. Ko bai ba ka amsa ba, in mutum goma suka tambaye shi zai fara tunani.

Masu tura waƙa da mawaƙa da ke da abin cewa kan wannan batu, ƙofarmu a buɗe take, ku aiko da wasiƙunku za mu karanta. A gaida mutanen Rimi da kewaye. Allah ya ba da damina mai albarka, ya sa a yi ciniki lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.