Me Ke Sa Manhajar Zanen Inji Ta Yi Nauyi?

Famfon rijiya irin na karkarar Alakoss, a yankin Gure, haɗin ƙarafa da dama ne. Masu zanen injuna kan haɗa irinsu a kwamfuta da manhajoji kamar SolidWorks, wadda ta fito a 1995.

Wani lokaci aikin sai ya cije. Sau da yawa ƙananan manhajojin da aka ɗora a kan babbar ne ke karo da juna: kowacce na son bincika zanen duk sanda aka motsa ƙusa guda, ko kuma wata daga cikinsu tsohuwa ce da ba ta dace da sabon zubi ba.

Masana kan kashe su duka, su sake buɗe zanen. In ya saki, sai a kunna su ɗaya-ɗaya har mai laifin ta bayyana, a sabunta ta ko a cire.