Allo da Carbi: Ina Masassaƙanmu?

Tsakanin 1500 da 1530, wasu masassaƙa a ƙasar Holan sun riƙa yi wa Kiristoci 'ya'yan carbi na itace, kowanne kamar babban goro. In an buɗe shi, sai ga mutane da dawaki an sassaƙa a ciki. Waɗanda suka rage ba su kai 200 ba, yawancinsu suna gidajen tarihi ana tsaronsu.

Mu namu ba surar mutum, addini bai yarda ba. Allo ne da carbi. Fataken goro masu bin hanyar Kano zuwa Gwanja, da suka riƙa yada zango a Parakou da Zugu, wato Djougou, ba sa rabuwa da su. Allo na gari da itacen aduwa ake yin sa, ya sha wanki shekara da shekaru. Carbi kuwa mai 'ya'ya 99 ne, ko 100 a hannun 'yan Tijjaniyya.

To yanzu fa? A kasuwar Arzeke carbin roba ya fi yawa, ga araha. Allo kam yana nan a makarantun zango, amma masassaƙan sun manyanta, samari kuma sun fi son tuƙa zemijan da riƙe gizago.