Shekara nawa ya kamata depite ya yi bisa kujera?

A ƙasar Amurka, tun shekara ta 1951 tsarin mulki ya hana a zaɓi shugaban ƙasa fiye da sau biyu. Amma ƴan majalisar dokoki ta ƙasa ba a yanka masu wa'adi ba. John Dingell ya yi shekara 59 yana depite, daga 1955 zuwa 2015. Robert Byrd kuwa ya yi shekara 51 cikin majalisar dattawa, har ya rasu a 2010.

Irin wannan daɗewa ce ta tada gardama. Masu son a sa iyaka sun ce wanda ke bisa kujera ya fi abokin takararsa suna da kuɗi, don haka kada shi na da wuya. In ya daɗe kuma, sai ya mance da talakawan da suka aike shi.

A 1990 jama'ar jihohin Kaliforniya, Kolorado da Oklahoma suka jefa ƙuri'a, suka ƙayyade wa ƴan majalisun jihohinsu shekaru. Kaliforniya ta yanka shekara 6 a ƙaramar majalisa, 8 a babba. Jihohi 23 suka nemi ɗora irin wannan doka bisa wakilansu na majalisar ƙasa. Ran 22 ga watan Mayu 1995 Kotun Ƙoli ta soke ta, alƙalai 5 suka rinjayi 4. Kotun ta ce sai an gyara tsarin mulki tukuna.

Masu ƙin iyaka su ma da hujjarsu. Sun ce tsara doka da binciken kasafin kuɗi aiki ne da ake koyo a hankali. Kafin sabon depite ya gane kansa, wa'adinsa ya cika. Daga nan ƙarfi ya koma hannun gwamna da manyan ma'aikata da wakilan kamfanoni masu kamun ƙafa, tun da su ne suka daɗe da sanin takardu. Kaliforniya a 2012, Mishigan kuma a 2022, sun sake dokarsu: shekara 12 gaba ɗaya, amma mutum na iya yin su duka cikin majalisa guda.

Akwai kuma darasi daga ƙasar Filifin, can Asiya. Tsarin mulkinta na 1987 ya yarje wa depite wa'adi uku a jere, kowane shekara 3. Sai manyan gidaje suka samo dabara: in maigida ya cika nasa, matarsa ko ɗansa ya riƙe kujerar kafin ya komo. An gudu ba a tsira ba.

Ashe doka na iya tada mutum daga kujera, amma ba ta zaɓen wanda za ya gaje shi. Wannan aiki na mai ƙuri'a ne, wanda ya san abin da wakilinsa ya yi cikin majalisa, ya kuma tambaye shi ranar zaɓe.