Ruwan akwatin kifi ya gurɓace? Ga abin yi

In kana ajiye kifin ado a akwatin gilashi, a gida ko a shago, ka wayi gari ruwan ya dagule, to duba launinsa tukuna.

In ya yi fari-fari kamar an ɗiga nono, ƙwayoyin bakteriya ne suka yawaita, saboda ragowar abinci da kashin kifi da ke ruɓewa. Rage hannu: ba su abin da za su cinye cikin minti 3 kawai. In kore ne, gansakuka ce, hasken rana ya yi yawa, matsar da akwatin inuwa. In ja-ja ne, ba a wanke tsakuwar ƙasan ba.

Kada ka juye ruwan duka, canjin gaggawa na kashe kifi. Ɗebe kashi ɗaya cikin huɗu duk mako, ka cika da sabo. Ruwan famfo kuwa, bar shi ya kwana a buɗe don kulorin ya fita. Sabulu kam, kada ya kusanci akwatin.

Amma fa in ka ga kifaye sun taru a sama suna haki, iska ta yi musu ƙaranci. Kada ka jira mako, canza rabin ruwan yau ɗin nan.